16 ga Agusta: ranar da ta tara manyan muryoyi, da tambayar wa ke cin ribar waƙa

Masu bin tarihin kiɗan zamani sun daɗe da sa wa ranar 16 ga Agusta ido. A wannan rana Robert Johnson ya rasu a 1938, Elvis Presley ya rasu a 1977, Nusrat Fateh Ali Khan ya rasu a 1997, Aretha Franklin ta rasu a 2018. A ranar aka haifi Madonna a 1958. A ranar aka sallami Pete Best daga ƙungiyar Beatles a 1962, kuma ita ce rana ta biyu ta taron kiɗa na Woodstock a 1969.

Babu wani asiri a cikin ranar. Kwanakin shekara 365 ne, mawaƙan da suka yi suna kuwa dubbai ne, dole wata rana ta tara fiye da wata, ajali kuma ba ya duba kalanda. Abin da ya sa na ga ranar ta cancanci a tsaya a kanta shi ne, idan ka jera waɗannan mutane bisa shekarun da suka bar duniya, za ka ga shekara 80 cif tsakanin na farko da ta ƙarshe, kuma a cikin shekarun nan za ka karanta yadda waƙar ma'aikatan gona da waƙar wurin ibada ta koma babbar kasuwa, da yadda mai muryar ya sha zama na ƙarshe a layin rabon kuɗi.

Robert Johnson baƙar fata ne, an haife shi a 1911 a Hazlehurst ta jihar Misisipi, zamanin da jikokin bayi ke noman auduga a gonakin Turawa bisa tsarin raba amfanin gona, tsarin da manomi kan kai ƙarshen shekara da bashi a wuya. Shi bai zauna a gona ba. Ya rataya jita yana bin garuruwa, da rana ya yi kiɗa a bakin titi a jefa masa kwabbai, da dare ya yi wa ma'aikatan gona kiɗan rawa a ɗakunan shaƙatawarsu. Irin kiɗan da yake yi shi ake kira buluz, waƙar kukan zuci ce ta mutum ɗaya da kayan kiɗansa. Masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi bayanin cewa yadda mawaƙan buluz na Misisipi ke lanƙwasa murya da jan tsirkiya ya fi kama da kiɗan yankin Sudan ta Yamma, har da na masu goge na Hausa, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Duk wanda ya saba da goge ko kukuma, idan ya saurari tsofaffin faya-fayen nan, kunnensa ba zai ji su baƙi ƙwarai ba.

Sau biyu kawai Johnson ya zauna aka ɗauki muryarsa: a Nuwamban 1936 cikin wani ɗakin otal a San Antonio, sai a Yunin 1937 a Dallas. Waƙa 29 ke nan, su ne duk abin da ya bari. Al'adar kamfanonin faifai a lokacin ita ce a ba mawaƙi baƙar fata ɗan ladan ɗauka sau ɗaya, daga nan waƙa ta zama ta kamfani. Faifansa da ya fi kasuwa bai wuce kwafi 5,000 ba. Ya rasu kusa da Greenwood yana da shekara 27. Abokan yawonsa sun ce wani magidanci mai kishin matarsa ne ya sa masa guba a giya, takardar shaidar mutuwarsa kuma, wadda sai a 1968 wani mai bincike ya gano ta, ta nuna likita bai duba shi ba. Yau akwai duwatsun kabari uku a maƙabartu uku, kowanne ɗauke da sunansa.

Labarin da ya fi yaɗuwa a kansa shi ne wai ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa don ya iya jita. Ni wannan tatsuniya tana ɓata mini rai, domin ƙwace ce ta biyu da aka yi masa. Yaron ya ɓace daga idon jama'a na wani lokaci ne ya je ya zauna wurin wani gwanin jita mai suna Ike Zimmerman, ya koya dare da rana, ya saurari faya-fayen magabatansa har ya haddace salonsu. Mutum ya sha wahalar koyon sana'a, a ƙarshe a ce aljani ne ya ba shi. An raba shi da kuɗin waƙarsa, an kuma raba shi da guminsa.

Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, wani mai farautar mawaƙa daga New York, John Hammond, ya aika a nemo shi don ya yi wasa a babban zauren Carnegie a Disamban 1938. Da labari ya zo cewa ya riga ya mutu, sai Hammond ya ɗora na'urar faifai a kan dandali ya sa wa jama'a waƙoƙinsa biyu. A 1961 kamfanin Columbia ya tara waƙoƙinsa a faifai guda, faifan ya tsallaka Ingila ya faɗa hannun samari irin su Eric Clapton da Keith Richards, suka gina kiɗan rok a kansa, suka yi arziki. Da aka sake fitar da waƙoƙin gaba ɗaya a 1990 an sayar da kwafi sama da miliyan. Sai a 1998, shekara 60 bayan mutuwarsa, wata kotun Misisipi ta tabbatar da Claud Johnson, direban motar tsakuwa da ya riga ya manyanta, a matsayin ɗansa kuma magajinsa, sannan kuɗin ya fara shiga gidan.

Elvis Presley ɗan Misisipin ne shi ma, an haife shi a Tupelo a 1935 cikin talauci, iyayensa suka koma Memphis a 1948. Bature ne da ya tashi yana jin waƙoƙin coci da buluz na maƙwabtansa baƙaƙe. A Yulin 1954, a ƙaramin ɗakin ɗaukar faifai na Sun, ya rera wata waƙar Arthur Crudup mai suna "That's All Right", mai ɗakin, Sam Phillips, ya ji abin da ya daɗe yana nema: farar fata mai rera waƙa da zafin baƙaƙe, wanda gidajen rediyon Turawa za su yarda su sa. A nan ne zancen yake. Kiɗan yana nan tun da daɗewa, wariyar launin fata ce ta hana shi shiga babbar kasuwa sai ta bakin Bature.

Adalci ne a faɗa cewa Elvis bai ɓoye inda ya ɗebo ba. Tun a 1956 ya shaida wa 'yan jarida cewa baƙaƙe sun daɗe suna wannan kiɗa kafin shi, ya kuma ambaci Crudup da suna. Amma yabo ba ya cika tukunya. Crudup ya koma aikin gona a Virginia, ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa, har aka kusa biyansa dala 60,000 kamfanin da ke riƙe da waƙoƙin ya janye a ƙarshe, ya rasu a 1974 bai ga kuɗin ba. Big Mama Thornton, wadda ta fara fitar da "Hound Dog" a 1953 shekara uku kafin Elvis ya sayar da miliyoyinta, ta sha faɗin cewa dala 500 ta samu.

Shi kansa Elvis bai tsira ba, kuma wannan ne ɓangaren da masu ganinsa a matsayin ɓarawon kiɗa kan tsallake. Manajansa, wanda ake kira Kanar Tom Parker, mutumin Holan ne da ya shiga Amurka ba takardu ya sauya suna, kuma a shekarun ƙarshe rabin abin da Elvis ke samu a yawancin harkoki nasa ne. Mawaƙin da duniya duka ke son gani bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba in ban da birane uku na Kanada a 1957, kuma da yawa daga masu tarihinsa sun danganta haka da tsoron Parker na ƙetare iyaka ba fasfo. Ya tura shi yin fina-finai 31, mafi yawansu marasa nauyi. Daga 1969 ya ɗaure shi a otal ɗin Las Vegas, wasa biyu a dare ɗaya, har ya yi wasa fiye da 600 a wurin. A 1973 kuma aka sayar wa kamfanin RCA haƙƙin duk tsofaffin faya-fayensa a kan dala miliyan 5.4, kuɗin da Parker ya ɗauki babban kaso a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jiki ba ya ɗaukar irin wannan aiki sai da magani, maganin farkawa da maganin barci. A watanni takwas na farkon 1977 kaɗai likitansa ya rubuta ƙwayoyi sama da 10,000 da sunansa. Wasansa na ƙarshe shi ne na 26 ga Yuni a Indianapolis. Ranar 16 ga Agusta aka same shi kwance a banɗakin gidansa na Graceland, yana da shekara 42, a ranar da ya kamata ya tashi zuwa wani sabon zagayen wasanni. Bayan mutuwarsa lauyan da kotu ta naɗa don kare haƙƙin 'yarsa ya binciki yarjejeniyoyin Parker ya ce sun saɓa wa ƙa'idar sana'ar, aka raba gari da shi a 1983. Wani abin lura shi ne lambobin yabon waƙa na Grammy uku da Elvis ya ci a gasa duk na waƙoƙin coci ne, babu ko ɗaya na rok. Har yanzu a daren 15 ga Agusta dubban mutane kan yi layi da kyandir a ƙofar Graceland, gidan da aka buɗe wa masu ziyara tun 1982 ya zama shi ne ke ciyar da magada.

Labarin Pete Best gajere ne. Shekara biyu yana buga wa Beatles ganga a gidajen rawa na Hamburg da Liverpool lokacin da ba a san su ba. Da ƙofa ta buɗe, mai tsara musu faifai George Martin ya nuna bai gamsu da bugunsa ba, abokan nasa uku suka bar wa manaja Brian Epstein aikin sanar da shi. Kwana biyu bayan haka Ringo Starr ya hau kujerarsa, a Oktoba faifansu na farko ya fito. Best ya yi aikin lodin burodi, ya yi kusan shekara 20 a aikin gwamnati, sai a 1995 da aka fitar da tsofaffin ɗaukar da yake ciki ya samu rabo mai tsoka. Woodstock kuwa, inda mutum kusan 400,000 suka taru a gonar wani mai kiwon shanu a Bethel, ranar Asabar ɗin ta ce ta fito da Santana, wanda ko faifansa na farko bai fito ba tukuna, amma masu shirya taron sun tashi da bashi, fim da faifan taron ne suka fitar da su daga baya.

Madonna ita ce ta karanci darasin nan tun da wuri. Ranar da Elvis ya mutu ta cika shekara 19, shekara guda bayan haka ta bar Michigan ta tafi New York. Salonta na tsiraici da taɓa alamomin addini ba abin da nake yabawa ba ne, kuma ko a ƙasarta ya jawo mata faɗa da coci. Amma a fagen ciniki ba ta bari wani ya riƙe mata linzami ba: a 1992 ta kafa kamfaninta, Maverick, bisa yarjejeniyar dala miliyan 60 da Time Warner, a 2007 ta ƙulla wata ta kusan dala miliyan 120 da Live Nation.

Nusrat Fateh Ali Khan daga wata duniya dabam ya fito, kuma shi ne ya fi kusa da kunnen Bahaushe. An haife shi a 1948 a Faisalabad ta Pakistan, a gidan da aka ce ya gaji kawwali kusan shekara 600. Kawwali waƙar Sufaye ce ta yabon Allah da begen Annabi (SAW) da ambaton waliyyai, tana da tushe a ɗariƙar Cishtiyya, ana kuma danganta tsarinta da Amir Khusrau na Delhi. Zaune ake yin ta, jagora a gaba, 'yan amshi a baya suna tafi, ga harmoniyam ga tabla, baiti ɗaya a yi ta juya shi cikin Urdu ko Punjabi ko Farisanci har waƙa guda ta kai rabin awa ko fiye. Mahaifinsa ya so ya zama likita. Bayan rasuwar uban a 1964 yaron ya shiga sana'ar gidan, a 1971 ya karɓi jagorancin ƙungiyar bayan rasuwar baffansa.

Abin da Nusrat ya yi shi ne ya fitar da wannan waƙa daga hubbaren waliyyai ya kai ta gaban waɗanda ba su jin ko kalma ɗaya a ciki. A 1985 ya yi wasa a taron kiɗe-kiɗen duniya na WOMAD a Ingila, daga nan ya haɗu da mawaƙin Ingila Peter Gabriel da kamfaninsa Real World, ya shiga Faransa da Japan da Amurka, har ya koyar a Jami'ar Washington da ke Seattle. 'Yan gargajiya sun soke shi kan haɗa kawwali da kayan kiɗan Turawa. Shi a ganinsa ƙofa ce, wanda ya shigo ta nan zai nemi asalin. Ina ganin yana da gaskiya, amma ƙofar da ka buɗe ba kai ke zaɓar mai shigowa ba. A 1994 wani fim na Amurka ya ɗora muryarsa a kan wurin da ake tarzoma da kisa a kurkuku, abin da ya nuna bai ji daɗinsa ba, domin waƙar ibada ce. A wannan shekarar kuma fim ɗin Indiya mai suna Mohra ya ɗauki karin waƙarsa ta yabon waliyyi Lal Shahbaz Kalandar ya mayar da shi waƙar kwarkwasa da ta cika kasuwa, kuma ba shi kaɗai ba ne, masu kiɗan Bombay sun yi ta ɗibar karinsa ba izini. Masu kallon fina-finan Indiya a Kano da Zinder sun ji Nusrat tun kafin su san sunansa. A Kano kuwa tafiyar takan juya baya: 'yan bandiri sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin Indiya su cire kalaman soyayya su ɗora bege.

Ya bar faya-faye fiye da 120 da aka lissafa, ban da kaset-kaset na satar fasaha da babu mai iya ƙirgawa. Ciwon sukari da na ƙoda suka kama shi alhali bai daina yawon wasa ba. Yana kan hanyarsa ta zuwa Los Angeles don dashen ƙoda ya tsaya a Landan, a can zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara 48, kwana biyu bayan bikin cikar Pakistan shekara 50 da samun 'yanci.

Aretha Franklin a Memphis aka haife ta a 1942, garin da Johnson ya yi ƙuruciya kuma Elvis ya mutu, amma a Detroit ta tashi, a cocin New Bethel inda mahaifinta C. L. Franklin yake limanci. Wanda ya ɗauke ta a kamfanin Columbia a 1960 shi ne John Hammond ɗin nan da ya nemi Johnson bai samu ba. Shekara shida kamfanin yana ƙoƙarin mayar da ita mawaƙiyar zauren Turawa, abin bai kankama ba. Da ta koma kamfanin Atlantic, mai tsara faifai Jerry Wexler ya zaunar da ita a gaban fiyano ya bar ta ta rera kamar yadda take yi a coci, a 1967 duniya ta ji ta.

A shekarar ta ɗauki waƙar Otis Redding mai suna "Respect", wadda a bakinsa magidanci ne ke neman a girmama shi idan ya dawo gida da kuɗi, ta juya ta zuwa muryar mace mai neman mutuncinta, ta ƙara mata amshi da 'yan uwanta mata biyu. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya, masu gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe da ƙungiyoyin mata suka riƙe ta. Ita ma ba a waƙa ta tsaya ba. Ta tallafa wa tafiyar Martin Luther King da kuɗi da murya, a 1970 ta fito fili ta ce a shirye take ta biya belin 'yar gwagwarmayar baƙaƙe Angela Davis. A 1972, tana tsakiyar tashe, ta koma coci a Los Angeles ta ɗauki faifan waƙoƙin ibada da aka sayar da kwafinsa sama da miliyan biyu. Ta ci Grammy 18, ita ce mace ta farko da aka shigar zauren girmama gwanayen rok a 1987, ita ta yi waƙa a rantsar da Obama a 2009.

An san ta da abu ɗaya da wasu ke ɗauka tsaurin kai ne: ba ta hawa dandali sai an biya ta kuɗi a hannu, kuma jakar takan hau dandalin tare da ita, a ajiye ta inda idonta ke gani. Wadda ta tashi tana ganin yadda aka yi da mawaƙan zamanin mahaifinta ba za a ce ta yi zargi ba dalili ba. Duk da wannan taka-tsantsan, akwai inda doka ta fi ƙarfinta. A Amurka gidajen rediyon AM da FM suna biyan marubucin waƙa da kamfanin da ke riƙe da rubutun ne kawai, ba sa biyan wanda ya rera. Saboda haka duk miliyoyin lokutan da aka sa "Respect" a rediyo da muryarta, kuɗin ɓangaren Redding ya tafi, shi da ya rasu a haɗarin jirgi tun Disamban 1967. Ita ba ta samu ko sisi daga wannan hanya ba.

Ta rasu a gidanta a Detroit sakamakon ciwon daji, tana da shekara 76, a ranar da Madonna ta cika 60. An fara cewa ba ta bar wasiyya ba, daga baya aka samu takardu da rubutun hannunta, ɗaya a ƙarƙashin kushin ɗin kujera, wadda masu taya alƙali hukunci suka amince da ita a Yulin 2023. Wata biyu bayan rasuwarta, a Oktoban 2018, aka sa hannu kan sabuwar dokar kiɗa da ta wajabta wa masu watsa waƙa ta intanet da tauraron ɗan Adam biyan mawaƙan da aka ɗauki muryarsu kafin 1972, rukunin da waƙoƙinta mafi shahara suke ciki. Dokar ba ta taɓa rediyon AM da FM ba. An sha gabatar da ƙudurin gyara wannan a majalisar dokokin Amurka, masu gidajen rediyo suna tare shi da hujjar cewa sa waƙa a iska talla ce kyauta ga mawaƙi.